Yadda Na Yi wa Tsohuwar Kwamfutarmu Maganin In'ina

Gabatarwa

Ranar 14 ga watan Fabrairu, 2022, malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aiki, muka tattara 'yan komatsanmu kowa ya nufi gida. Da farko an ce na mako huɗu ne, ashe sai mun shafe wata takwas cif kafin mu sake ganin aji. A wannan dogon zama wasu abokaina sun koyi ɗinki, wasu sun kama kasuwanci, wasu ma har sun yi aure. Ni kuwa idan aka tambaye ni abin da na yi, nakan ɗan ji nauyin faɗa, domin babban aikin da na sa a gaba shi ne na ga wani tsohon wasan tseren motoci yana gudu sumul a cikin wata tsohuwar kwamfuta. Mai karatu zai iya cewa ai wannan aikin marar aikin yi ne. Ina roƙon a yi haƙuri a ji dalilina tukuna.

Ina da ƙane, shi ne autanmu, a lokacin shekararsa 13. An haife shi da ciwon sikila. A unguwarmu ta Agege, cikin Legas, sa'o'insa ƙwallo suke bugawa tun daga la'asar har faɗuwar rana, shi kuwa sai dai ya leƙa ta taga, saboda gajiya mai yawa ko dukan ruwan sama kan iya tayar masa da ciwon har a kwana a asibiti. Abin da ya zame masa filin wasa shi ne wata kwamfutar tafi-da-gidanka da kawunmu ya ba ni sa'ad da na sami gurbin karatu. An ƙera ta ne wajajen 2008, wato ta girmi shi ƙanen nawa. Windows 7 ke cikinta, batirinta ba ya wuce minti ashirin, kuma Kawu ya bar wasa guda ɗaya tak a ciki. Duk lokacin da na dawo hutu, kafin in ajiye jaka yaron nan ya riga ya zare kwamfutar.

Wasan da Kansa

Sunan wasan Need for Speed: Most Wanted. Kamfanin Electronic Arts ne ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2005, kuma reshensa mai suna Black Box, da ke birnin Vancouver na ƙasar Kanada, shi ya tsara shi. Akwai wani wasan mai irin wannan suna da ya fito a 2012, amma aikin wasu mutane ne dabam, ba shi nake nufi ba.

Labarin wasan ba shi da wuyar ganewa. Ka shigo wani ƙirƙirarren birni mai suna Rockport da motarka ta alfarma, BMW M3 GTR. Wani tantirin direba da ake kira Razor ya sa an lalata maka ita kafin tsere, ya cinye ka, ya ƙwace motar. Daga nan sai ka koma ƙasa, ka sayi 'yar ƙaramar mota irin Fiat Punto ko Chevrolet Cobalt, ka shiga hawa wani jerin direbobi 15 da ake kira Blacklist, ɗaya bayan ɗaya, har ka isa ga Razor da ke zaune a lamba ta 1. Kafin kowane direba ya yarda ya kara da kai, sai ka ci wasu tsere, ka kuma tsokani 'yan sanda ka tsere musu. Gwargwadon ɓarnar da ka yi, gwargwadon zafin farautar da za a yi maka. A mataki na 4 ake fara shimfiɗa ƙusoshi a kan titi, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kanka. A mataki na 5 kuwa da motocin Corvette ake bin ka.

Ƙanena ya haye direbobi shida ba tare da wata wahala ba, sai ya zo kan lamba ta 9, wato Earl mai Mitsubishi Lancer Evolution. Duk wanda ya taɓa yin wasan ya san Earl ba kanwar lasa ba ne. Nan yaron ya maƙale har fiye da mako uku.

Mece ce In'inar Hoto?

Wata rana da dare ya kira ni ya ce, "Boda, motar nan ba ta jin sitiyari. In na danna hagu sai ta tsaya tunani kafin ta juya." Boda shi ne yadda ƙanne ke kiran yayyensu maza a gidajenmu. Na zauna na duba, sai na ga lallai hoton yana tafiya yana cijewa, kamar mai in'ina yana son fitar da kalma ta ƙi fita. Tun daga ranar muka sa wa matsalar suna in'ina.

Domin a gane abin da ke faruwa, sai an san cewa babu wani abu da ke motsi da gaske a fuskar kwamfuta. Hotuna ne sandararru ake jerowa da sauri, ido ya ɗauka motsi ne. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a sakan ɗaya, talabijin irin tamu ta Nijeriya kuma 25. Bambancin shi ne, hotunan fim an riga an ɗauke su an ajiye, alhali na wasa kwamfuta ce ke zana kowane ɗaya nan take: titi da gidaje da bishiyoyi da motoci da inuwarsu duka. Yawan hotunan da ta iya zanawa a sakan ɗaya shi masu wasa ke taƙaitawa da haruffa uku, FPS. Ni a wannan rubutu zan kira shi gudun hoto.

Ga ɗan lissafi da zai nuna muhimmancin abin. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 56 a kowane sakan. Idan gudun hoto 60 ne, tsakanin hoto da hoto motar ba ta cika mita 1 ba. Idan 30 ne, ta yi kusan mita 2. Idan kuwa ya faɗo 12, to ta yi fiye da mita 4 da rabi, wato tsawon mota guda, ba tare da direba ya ga komai ba. Ke nan kafin ka ga kwana ka riga ka shige ta, kafin ka ga shingen 'yan sanda ka riga ka dake shi. Mai kallon fim zaune kawai yake, amma mai wasa hannunsa na jiran abin da ido zai gaya masa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a takarda kwamfutarmu ta fi ƙarfin wasan nesa ba kusa ba. Mafi ƙarancin abin da masu wasan suka nema shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai gudun 1.4 GHz, da ma'adanar wucin gadi da ake kira ram mai 256 MB, da katin hoto mai 32 MB. Tamu kuwa ram ɗinta 2 GB ne, ninki takwas ke nan. To ina gizo ke saƙar?

Kurakuraina na Farko

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Abu na farko da na yi shi ne na sayi datar dare, na sauko da wata manhaja ta kyauta da aka ce tana ninka gudun kowane wasa da dannawa ɗaya. Ba ta ninka komai ba sai tallace-tallace. Ko'ina na taɓa sai wani shafi ya buɗe, kuma duk lokacin da aka kunna kwamfutar ita ce ke fara tashi ta zauna tana cin ƙarfin da wasan ke nema. Na cire ta, ta dawo. Da na rasa yadda zan yi, sai na yanke shawarar goge komai in sake ɗora Windows.

Na riga na shirya komai, saura dannawa ɗaya, sai yaron ya ce daga kan gado, "Boda, motocina fa?" Gabana ya faɗi. Duk wahalar da ya sha ta watanni, motocinsa da kuɗinsa na cikin wasa da direbobi shidan da ya kayar, suna cikin wani ɗan ƙaramin fayil a jakar takardu, ƙarƙashin sunan wasan, kuma ban kwafe shi ba. Saura ƙiris garin gyaran gira in rasa ido. Na kwafe fayil ɗin a filashi biyu, ɗaya na ba Mama ta ajiye a cikin jakarta, sa'an nan na yi gogewar.

Kuskure na biyu shi ne, da wasan ya dawo, na shiga wajen saiti na sauke komai da komai ƙasa a lokaci guda. In'inar ta ragu, amma Rockport ta koma kamar zanen ɗan firamare. Allunan titi ba sa karantuwa, mota mai zuwa daga nesa ba a gane ta sai ta iso. Ƙanena ya kalla ya ce shi ba zai yi wannan ba. Ya fi ni gaskiya, domin ni kaina ban san wanne daga cikin abubuwan da na kashe ne ya yi amfani ba, wanne ne kuma na kashe a banza.

Awo Kafin Magani

A nan ne na koyi darasin farko: abin da ba ka auna ba, ba za ka san ko ka gyara shi ba. Na samo wata 'yar tsohuwar manhaja mai suna Fraps, wadda ke rubuta gudun hoto da lambobi masu ruwan ɗorawa a kusurwar allo yayin da ake wasa. Na ware littafin rubutu guda. Na zaɓi tsere ɗaya da mota ɗaya, na ɗora kwamfutar a kan teburin falo, na mayar da saiti yadda Kawu ya bar shi. Dokar da na kafa wa kaina ita ce, abu ɗaya zan canza a kowane gwaji, in yi tseren, in rubuta lamba, kafin in taɓa na gaba.

Lambar farko da na rubuta ita ce 17. Na fara da girman hoto. Kowane hoto ɗige-ɗige ne ƙanana aka jera, kuma kowane ɗigo sai an lissafa launinsa. Kawu ya sa 1024 sau 768, wato ɗigo 786,432 a hoto ɗaya. Da na sauko 800 sau 600, ɗigon ya koma 480,000, an rage kusan kashi 40 cikin 100 na aikin, lamba ta hau 22. Wannan gwaji kaɗai ya gaya mini wani abu babba. Idan ka rage girman hoto lamba ta ɗaga, to sashen zane ne ya gaza. Idan kuma ba ta motsa ba, to furosesa ce ke jan ƙafa, kuma rage kyan hoto ba zai amfana maka komai ba. Tamu sashen zane ne. Daga baya na gane cewa ba ta da katin hoto mai zaman kansa kwata-kwata. Wani ɗan sashe ne a jikin babban faifanta, wanda ba shi da ma'adana tasa, sai dai ya riƙa aron ram. Ashe takardar da na dogara da ita ba ta faɗi duka labarin ba.

Na gwada 640 sau 480, lamba ta ƙara hawa, amma titi ya dushe, sai na koma 800 sau 600. Sa'an nan na taɓa inuwa. Kafin wasan ya zana inuwa, sai ya fara duba garin daga inda rana take domin ya san abin da ya tare haske, wato aiki biyu ke nan. Na rage ta, na sami 25. Sai ƙyallin jikin mota, wanda ke sa ka ga gidaje da gajimare suna wucewa a kan fenti kamar a madubi. Domin wannan ɗan ado, wasan kan sake zana kewayen motar ta kowace fuska, kuma akwai saitin da ke ƙayyade sau nawa zai riƙa sabunta shi. Na rage wannan, na rage ƙyallin titi, na kashe mai goge kaifin gefen abubuwa, lamba ta kai 29.

Akwai kuma abubuwan da na rage lamba ba ta ko motsa ba, kamar kyan ƙirar jikin motar kanta, sai na mayar da su sama. Na ƙarshe shi ne wani launi mai kama da hasken yamma a lokacin hunturu, wanda ya lulluɓe garin duka. Da na kashe shi na sami ƙarin biyu, amma ƙanena ya ce in babu wannan launi ba Rockport ba ce. Na mayar masa da abinsa. Muka tsaya a 27 zuwa 29, hoto kuma bai munana ba. Na miƙa masa kwamfutar ina ji da kaina kamar wani injiniya.

Saɓanin da Muka Samu

Washegari ya ce in'inar tana nan. Na karɓa, na kai teburin falo, na gwada, na ga 28. Na mayar masa. Da yamma ya sake cewa tana nan, kuma Earl ya sake cinye shi. Na sake gwadawa a tebur, 28. A karo na uku raina ya ɓaci, ga zafi, ga zaman gida da ya ishe ni, sai na ce masa, "Kai dai ka ce ba ka iya ba. Direban da bai iya tuƙi ba shi ke ɗora wa mota laifi."

Bai ce mini komai ba. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya juya ya fuskanci bango. Kwana uku bai taɓa ta ba. Yaron da tun yana ƙarami ake ce masa ba zai iya wannan ba, ba zai iya wancan ba, abu ɗaya da ya san ya iya shi ne na ce bai iya ba. A rana ta uku Mama ta tare ni a ƙofar kicin ta ce, "Me ka gaya wa ƙanenka?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Da daddare na ɗauki kwamfutar na kai masa har gado, na ce ya yi tseren ina kallo, ba zan ce uffan ba. Ya gyara zama yadda ya saba, ya jingina da bango, ya ɗora matashi a cinya, ya ɗora kwamfutar a kan matashin. Ni kuma na zuba wa lambar nan ido. Ta fara da 28. Bayan minti goma ta koma 21. Kafin minti ashirin tana lilo tsakanin 12 da 14, daidai lokacin da ya gama ɗumama hannu ya je ga Earl. Na tura hannu ƙarƙashin kwamfutar, na janye da sauri, domin zafinta kamar dutsen guga. Gani ya kori ji.

Ashe matashin ne. Kwamfutar tana shaƙar iska ta ƙasa, fanka ta hura ta a kan wani ƙarfe da ke ɗauke zafi daga furosesa, ta fitar ta gefe. Matashi ya toshe ƙofofin shaƙar duka. Su kuma waɗannan na'urori an yi su ne da dabarar kare kai: da zarar zafi ya kusa iyaka, sai su rage gudunsu da kansu don kada su ƙone. Ni ina gwajin minti biyar a kan katako mai sanyi, shi yana wasan awa guda a kan auduga, a cikin zafin Legas na watan Afrilu. Dukanmu gaskiya muke faɗa, amma ni ban je na auna a inda matsalar take ba. Na ce masa, "Ka yi haƙuri, kai ke da gaskiya." Ya ce, "Ai na gaya maka, Boda."

A daren na shiga kicin na ɗauko babban tiren ƙarfe da Mama ke jera kofuna in an yi baƙi, na samo murafun kwalba huɗu na sa a ƙarƙashin kusurwoyin kwamfutar don iska ta sami hanya. Lamba ta daina faɗowa ƙasa da 22. A wannan zaman ne kuma muka gano wani abu: ana ɗauke wuta sai lamba ta rufto nan take, saboda Windows na rage ƙarfin na'ura idan ta koma kan batir. Na canza tsarin wutar zuwa mai ba da cikakken ƙarfi, muka kuma yi yarjejeniya cewa babban tsere sai da caja a jiki.

Tafiya Ikeja

Tire ya taimaka, amma wata manhajar auna zafi mai suna HWMonitor ta nuna mini cewa har yanzu furosesa na haura digiri 90. Ina da 'yan kuɗin da na tara daga koyar da yaran maƙwabta darasi, waɗanda na yi niyyar sayen littattafai da su in an koma makaranta. Na ɗauke su na shiga mota zuwa Computer Village da ke Ikeja, kasuwar da kusan babu wani kayan kwamfuta, sabo ko na hannu, da za ka nema ka rasa.

Na sami wani dattijon mai gyara a wani ɗan lungu. Na fara zuba masa bayanin lambobina, ya saurara, ya ce, "Yaushe rabon da a buɗe ta?" Na ce, "Oga, ban jin an taɓa buɗe ta." Ya yi dariya ya ɗauko sukundireba. Da ya ɗaga murfin, sai ga ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar ƙyallen bargo, ya zare ta da hantsaki guda ɗaya, ya ɗaga ya nuna mini. Sa'an nan ya nuna mini wani farin mai da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce da sauƙi. Namu ya bushe ya zama kamar alli. Ya goge shi, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa.

Na ce ina son ƙarin ram. Ya duba ya ce gurbi biyu ne, ɗaya ne kawai ke da kaya. Ya bayyana mini cewa amfanin cike na biyun ya wuce ƙarin wuri, domin idan guda biyu ne masu kama da juna, na'urar kan yi magana da su a lokaci guda, kamar titi mai hannu ɗaya ya koma mai hannu biyu. Kwamfuta irin tamu, wadda sashen zanenta ke aron ram, ita ta fi kowa cin moriyar wannan. Ya laluba cikin wata tsohuwar gwangwanin madara ya zaro irin tamu, DDR2 mai 2 GB. Kuɗin littattafai suka tafi, saura na mota.

Da na dawo gida lamba ta tsaya tsakanin 33 da 38, zafi bai ƙara wuce digiri 75 ba ko da an yi awa biyu. Saura abu ɗaya. Allon kwamfutar sau 60 yake sabunta kansa a sakan, kuma akwai wani saiti mai suna VSync da ke tilasta wa wasa ya jira bugun allon. Idan na'ura ba ta iya kai 60 ba sai ya riƙe ta a 30, in ta gaza 30 ya jefa ta 20. Shi ya sa tun farko na kashe shi. Yanzu da muka haura 30 sai na kunna, lamba ta zauna daram a 30. Ƙanena ya ce wannan ya fi daɗin tuƙi a kan 38 mai hawa da sauka, domin hannu na sabawa da abin da ba ya canzawa. Ba zan ɓoye ba, idan motocin 'yan sanda suka yi yawa a mataki na 5, har yau takan ɗan cije, saboda kowace mota sai furosesa ta lissafa tafiyarta. Wannan kam ba shi da magani sai sabuwar kwamfuta.

A watan Yuli, da damina ta kankama, ciwon ya tashi, muka yi kwana shida a asibiti. Ranar da aka sallame shi, ko wanka bai yi ba ya ce a miƙo masa tire. A gwaji na huɗu ya wuce Earl a kwanar ƙarshe. Ihun da ya yi sai da Mama ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta zaci wani abin ne ya faru.

Kammalawa

Ga duk ɗan'uwa ɗalibi da ke fama da tsohuwar na'ura, shawarata ita ce ya bi wannan tsari. Ya fara kwafe fayilolinsa. Ya nemi abin awo, ya riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda yana rubutawa. Ya duba zafi da wuta kafin ya kashe ko sisi, ya kuma guji manhajojin da ke alkawarin abin al'ajabi kyauta. Wanda kuma yake da sabuwar kwamfuta, matsalarsa dabam ce. Wasan zai yi gudu, amma an yi shi ne don allo irin na da, mai kusan murabba'i, don haka sai ya nemi gyaran da masoya wasan suka yi don faffaɗan allo. Bugu da ƙari, tun daga Windows 10, wadda ta fito a 2015, an daina tallafa wa irin makullin da ke jikin faifan wasan na asali. Shi kansa reshen Black Box an rufe shi a 2013, saboda haka masu son wasan ne ke riƙe da shi yanzu. Abu mafi girma da na koya kuwa shi ne, idan mutum ya ce maka abu na damun sa, je ka zauna inda yake zaune ka gani kafin ka ƙaryata shi.

An janye yajin aiki ranar 14 ga Oktoba, 2022. Da na zo haɗa kaya, na ɗauki kwamfutar na sa a jaka, na kuma fito da ita na ajiye a kan gadonsa. Zangon nan duka a waya da shagon buga takardu na yi ayyukan aji, littattafai kuma aro na yi ta yi. A farkon Disamba ina cikin ɗakin karatu wayata ta yi ƙara. Na fita na ɗauka, sai na ji muryarsa yana haki: "Boda, na kayar da Razor! Na karɓo motar, na tsallake gadar!" Yana nufin tsohuwar karyayyar gadar da ake tsallakewa a tsere wa 'yan sanda a ƙarshen wasan. Na tambaye shi lamba nawa take nunawa a kusurwa. Ya ce shi ya ma manta da akwai wata lamba.

Tiren Mama kuwa har yau bai koma kicin ba. In an yi baƙi, a faranti ake kai musu ruwa.